Wa Ya Fi Iya Wuta? Abincin Kasuwa a Tsaskiya, Safana da Batsari

A cikin motar haya ake yanke wa masu abinci hukunci a yammacin Katsina. Mota ta tashi daga Ƙofar 'Yanɗaka ta kama hanyar Batsari, ko ta bar Dutsin-Ma ta nufi Tsaskiya da Safana, ba a yin nisa sai wani ya tayar da zancen. Tsiren wane gari ya fi? Wace mai waina ce ba ta rage hannu? Furar wace ce mutum zai sha da hantsi ya wuni bai nemi komai ba? Direba ya sa baki, yaron mota ya ƙaryata shi, wani dattijo daga kujerar baya ya ce su duka yara ne, tunda ba su riski masu tuwon da ba. Babu mai rubuta sakamakon gardamar, amma tana aiki. Wanda aka yaba, kayansa kan ƙare kafin la'asar ranar kasuwa. Wanda aka kushe kan koma gida da saura.

Tsaskiya ba birni ba ce. Mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Safana, 'yar'uwar Runka da Zakka da Babban Duhu, a ƙasar da ke jingine da Dajin Rugu. Batsari na arewa da ita, kuma ita ce mai babbar kasuwar da ke ci ranar Alhamis. Wanda ya zo nan yana neman gidan abinci mai ƙofar gilashi da takardar jerin girke-girke zai koma da yunwarsa. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa mutanen wannan ƙasa a gida kaɗai suke ci. Magidanci da yawa kan karya da koko da ƙosan saye. Manomi kan aika a sayo masa fura a kai gona. Ɗan kasuwa kan ci abincin rana a rumfar mai tuwo, matashi kuma ba ya kwanciya sai ya biya ta teburin mai shayi. Kuɗin da ke zagayawa tsakanin tanda da tukuba da ƙwarya a rana guda ba ƙarami ba ne, kuma akasarinsa a hannun mata yake kwana.

A Turai an daɗe da mayar da irin wannan gardama sana'a. Kamfanin taya na Michelin a Faransa ya fara buga littafin jagora ga masu mota a 1900, domin su yawaita tafiya, taya ta cinye, su sayi wata. A 1926 ya soma ba gidajen abinci tauraro, daga baya taurarin suka kai uku. Masu bincikensa kan je ba tare da sun bayyana kansu ba, su ci, su biya, su tafi. A 2002 wata mujalla a Ingila ta ƙirƙiro jerin gidajen abinci 50 da ta ce sun fi ko'ina a duniya, kuma har yau duk shekara ana jiran fitowarsa. Girkin yankinmu ma ya fara kutsawa: gidan abincin Ikoyi da ke Landan ya sami tauraron Michelin na biyu a 2022, sannan a 2024 Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta sami tauraro da gidan abincinta Chishuru, inda har sinasir ake kai wa baƙi. Littafin Michelin bai shigo Nijeriya ba, balle ya san da Safana. Amma akwai abin da ya haɗa mu da asalinsa: can ma don direbobi aka fara, nan ma direbobi ne alƙalai. Su ne ke cin abincin gari biyar a mako guda, su ne ke da abin kwatantawa, kuma a bakinsu labari ya fi saurin tafiya.

Ma'aunin alƙalan namu ne ya sha bamban. Daɗi yana ciki, amma ba shi ne kan gaba ba. Abu na farko auki: na ɗari biyar ɗinta yana riƙe ciki ko kuwa? Na biyu hannu, wato a ci yau a dawo wani mako a tarar da miyar ba ta sauya ba. Sannan tsafta, wadda ake ganewa daga ruwan wanke kwano da yadda ake rufe tukunya. Sama da duka akwai amana. Mai saye yana son ya tabbata naman nan yankan yau ne, dabbar lafiyayya ce, kuma wanda ya yanka ya san hukuncin yanka. A ƙarshe akwai sakin fuska da gyara, da kuma ko za a ɗaga maka ƙafa ranar da aljihu ya bushe. Mai abincin da ta taɓa cewa "Ci, ɗana, ka kawo ran kasuwa" ta sayi mai yabonta na shekaru.

Tukuba

A wajen mahauta gasar ta fi zafi, domin aikinsu a bainar jama'a ake yin sa. Fawa sana'ar gado ce, tana da Sarkin Fawa da ke sa ido kan abin da aka kayar a mayanka, kuma yaro kan daɗe yana wanke kayan ciki da fere tsinke kafin a bar shi ya taɓa wuƙar yanka.

Ka tsaya gefen tukuba da yamma ka ga aikin. An zaɓi tsoka an yanka ta falle-falle, ba kauri ba, ba kuma siriri har ya ƙone ba. Ana soka ta a tsinke, a saƙala ɗan kitse tsakani domin ya narke ya jiƙa naman daga ciki. Sai a birkiɗa tsinken a cikin garin ƙuli da aka haɗa da citta da barkono da gishiri, a yayyafa man gyaɗa. Tukubar kanta tudun ƙasa da toka ne, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da ita. Naman ba ya taɓa harshen wuta, zafinta kawai yake sha, mahaucin yana zagayawa yana juya kowane tsinke, yana matsar da wannan kusa, yana janye wancan. A nan gwaninta take. Mai gaggawa kan ba ka tsiren da bayansa ya yi baƙi cikinsa da jini. Gwani kan ba ka wanda ƙulin ya kama jikinsa ya yi ja, kitse ya tsattsafo, ka ja da haƙori ya biyo ba gardama. Har itacen ma ana zaɓe: marke da ƙirya sun fi riƙe garwashi, kuma hayaƙinsu ba ya ɓata nama.

Kafin ciniki akwai ɗanɗano. Mahauci ya yanko ɗan yanki ya miƙo a bakin wuƙa: "Taɓa ka ji, Alhaji." Wanda ya yarda da kayansa ba ya jin tsoron wannan. Idan an daidaita, a zare tsinke, a yayyanka a takarda, a watsa albasa da tumatir, a zuba yaji a gefe, a ƙara yanki ɗaya ko biyu na gyara. Yanzu da yawa sun koma gashi a kan raga, wanda ya fi sauri kuma ya fi dacewa da balangu, amma dattawa har gobe suna cewa tsiren raga bai kamo ƙafar na tukuba ba. A ganina suna da gaskiya, domin raga tana sa mai ya ɗiga cikin wuta ya tayar da hayaƙi mai ɗaci.

Duk wannan gwaninta kuwa a kan abu ɗaya ta dogara: a sami dabba mai kyau a kara da farashin da mahauci zai iya fitar da uwar kuɗinsa.

Ƙwarya

Idan tsire abincin marmari ne, fura ita ce abincin rana na talaka da mai kuɗi. Aikinta ya fi yadda ake zato. A surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro, a cura manya-manya a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ya dahu a mayar turmi a kirɓa har ya yi danƙo, sannan a sake curawa ƙanana a birkiɗa cikin gari. Furar da ba ta sha kirɓi ba takan yi gudaji a damu, wadda aka yi wa rowar kayan yaji kuma takan yi salam a baki.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin daga ruga yake fitowa. Da hantsi matan Fulani kan shigo gari a jere, ƙore a kai an rufe da faifai, su zauna a inuwar da aka san su da ita shekara da shekaru. Akwai kindirmo mai kauri wanda ba a cire masa mai ba, akwai tsala mai tsami da aka kaɗe, ga man shanu a ƙaramar ƙwarya yana iyo cikin nono. Mai saye ya tsuguna: "Inna, dama mini ta ɗari uku, a sa kindirmo." Ta ɗauki curi biyu ko uku ta murƙushe da bayan ludayi, tana zuba nono kaɗan-kaɗan tana juyawa har su zama abu ɗaya, ta tambaya ko a sa sukari. Masu shan fura na gaske sun san nonon da aka yi wa haɗi da ruwa ko madarar gari tun daga kurɓar farko, kuma ba sa komawa wurin da aka taɓa yi musu haka. Shi ya sa kowane gida ke da Bafulatanarsa, wadda ake sani da suna, a san 'ya'yanta, a je mata barka da ta'aziyya.

Da yamma kuɗin nonon nan ba ya barin gari. Da shi take sayen dawa da gero, gishiri da kanwa, daddawa, sabulu, da dusar da za ta kai wa shanu. Mai hatsi ya samu, mai koli ya samu, matar da ta yi surfe ta sayar da dusarta. Bayan girbi shanun su sauka a gonar manomi su ci kara su bar masa taki. Wannan cuɗanya ta girmi duk wanda ke raye. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan, ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 kafin ya ratsa daji zuwa Zurmi a hanyarsa ta Sakkwato, wato tun a lokacin hanyar fatake ce. Bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma makiyayar Ruma-Kukar Jangarai da ke wannan yanki tana cikin waɗanda aka fi sani a duk Arewa. Ƙasar nono ce ta asali. Idan mutumin Safana ya ce furar garinsu ta fi ta birni, ba cika baki yake yi ba. Tazarar da ke tsakanin hantsar saniya da ƙwaryarsa ce gajera.

Gwanayen da ba a gani

Mafi yawan waɗanda suka fi iya girki a waɗannan garuruwa ba za ka taɓa ganin fuskarsu a kasuwa ba. Suna cikin gida. Daga can ake fito da ɗanwake mai santsin kuka da kanwa, da dambu, da alale, da kwaɗon zogale da rama, da taliyar murji da mai da yaji, da awara, da dafaffen rogo da garin ƙuli. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma fitar da littafinta kan rayuwar karkarar Hausa a 1972, ta ja hankalin masana kan wannan ciniki na cikin gidaje, ta nuna cewa wanda ya ƙirga abin da ke kasuwa kaɗai bai ga rabin cinikin gari ba. Fiye da shekara hamsin bayan haka, maganarta na nan daram.

Sunan irin waɗannan mata da sunan gida yake tafiya: wainar gidan wane, ɗanwaken gidan liman, daddawar tsohuwar nan ta bayan masallaci. Yara ne 'yan aike, su ne kuma masu talla. Nan ne wurin da raina ba ya kwanciya. Yarinyar da ke yawo da tiren awara a tasha da hantsi, ajinsu na can ana karatu ba ita. Uwar ba mugunta take yi ba, da ribar ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki. Amma duk wanda ke yabon wainar gidan wane ya kamata ya san ƙafar wa ta kawo masa ita, kuma ya fi kyau magidanta su riƙa aikawa a sayo a ƙofar gida bayan an tashi makaranta.

Akwai kuma wani zauren hukunci da ya fi na mota tsanani, wato ciyayya. Bayan magariba maƙwabta kan hallara a ƙofar gida ɗaya, kowa a fito masa da kwanon tuwo daga gidansa, a jera, a ci ɗaya bayan ɗaya. Ba a cewa na gidan wane bai yi daɗi ba, kunya ba za ta bari ba. Amma kowa na ganin kwanon da aka suɗe da wanda aka taɓa aka ture, kuma labari kan koma cikin gida kafin a yi sallar isha'i. Da yawa daga matan da suka shahara da abincin sayarwa, daga nan aka fara sanin hannunsu.

Dare

Mai tambayar mashaya a nan zai sami amsa a taƙaice. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma tun kafin nan ma giya ba abin da ake sha a fili ba ce a garuruwan Musulmi. Burkutu ta dawa tana da tsohon tarihi a wajen Maguzawa, musamman a kudancin ƙasar Katsina, amma wannan wani babi ne. Abin da mashaya ke yi wa mutanen wasu ƙasashe, wato wurin da namiji zai zauna bayan aiki ya huta ya ji labari, teburin mai shayi ne ke yin sa a nan.

Tebur ne da benci biyu ko uku, an jera gwangwanayen madara da Bournvita, ga burodi a leda, ga kiret ɗin ƙwai, ga katan na Indomie, tukunyar ruwan zafi na tafasa a kan gawayi. Mai kuɗi ya ce a yi masa haɗin kauri, marar shi ya sha ruwan bunu, a benci ɗaya. Mai shayi ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani har ya yi kumfa ya huce. Rediyo na gefe, a da BBC da Muryar Amurka da DW ake jira, yanzu waya ta karɓi rabin aikin. A nan ake sanin farashin buhun masara, da wanda zai tsaya takarar kansila, da yadda aka tashi wasan Arsenal a gidan kallo. Ana auna mai shayi da kaurin haɗinsa da iya suyar ƙwai, amma abin da ke riƙe masa jama'a shi ne haƙuri da masu dogon zama da littafin bashi, da kuma iya riƙe bakinsa.

Sana'ar tasa dare take so. Dare kuwa shi ne abu na farko da aka ƙwace wa mutanen wannan yanki.

Abin da daji ya ci

Satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da garkuwa da mutane a duk garuruwan da ke bakin Rugu. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin Ƙaramar Hukumar Batsari a hari guda, kuma wannan ɗaya ne daga cikin da yawa. Ƙauyuka sun watse, mutane sun kwarara cikin Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, wasu sun haura Maraɗi. A ƙarshen Agusta da farkon Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauki matakan toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya: aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Batsari da Safana, aka hana sayar da fetur a jarka da jigilar itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na tsawon watanni.

Ko me mutum zai ce game da amfanin matakan ta fuskar tsaro, a tukuba da tanda an ji su nan take. Mahauci ba shi da kara, itace ya yi tsada, mai POS ya rufe. Mafi muni shi ne abin da ya sami ƙwaryar nono. Makiyayin kirki ya rasa shanunsa a hannun ɓarayi, sannan ya shigo gari ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Matarsa ta ji tsoron hanya, ta ji tsoron kasuwa. Mutanen gari, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa aka kuma tatike da kuɗin fansa, suka daina sakin jiki da duk wanda ya fito daga daji. Inuwar masu nono ta zama wayam a wurare da yawa, aka koma dama fura da nonon madarar gari. Hausawa na cewa ba a raba hanta da jini, amma a shekarun nan an gwada, kuma kowane ɓangare ya ɗanɗana kuɗarsa.

Kafin a farfaɗo sai ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, lokacin da mai ƙosai ta rasa yadda za ta karɓi kuɗin ƙosan ɗari. Sai cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, sai rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli, wanda ya taɓa kasuwar Jibiya da duk masu sayen dabba da wake ta can. Man gyaɗa, gero, shinkafa, sukari, babu wanda bai tashi ba. Mai waina ba ta iya ninka farashi ga mutanen da ta san halin da suke ciki, sai ta rage girman waina. Mai tuwo ta rage nama a miya, daga baya ta cire shi. Awara ta maye gurbin tsire a bakin matasa da yawa.

Dole a faɗi wani abu mai nauyi a nan, domin rubutu kan daɗin abinci a wannan jiha ba zai yi adalci ba in ya tsallake shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke jinyar yara masu tamowa a Katsina tun 2021, ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon 2025. Ƙasar da ke ciyar da wasu da gero da rogo da nono ce 'ya'yanta ke mutuwa da yunwa, saboda manomi bai isa gonarsa ba, saniya kuma ba ta kwana a garke ba.

Birni da taurarin waya

A cikin Katsina kuwa harkar abinci bunƙasa take yi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantu, da ma'aikata, da baƙin ƙungiyoyin agaji, sun samar da masu cin shawarma da soyayyar shinkafa da kaza a wuri mai sanyin na'ura. Dutsin-Ma ma ta sauya tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Tare da wannan sai ga sabon salon hukunci: taurarin Google, da matasa masu ɗaukar bidiyo suna ci suna ba da maki a TikTok da Facebook. Ban raina su ba, sun fito da masu sana'a da dama da ba a sani ba, kuma sun sa wasu gidajen abinci sun gyara tsafta. Damuwata ita ce mai kallo ba ya iya rarrabe yabon gaskiya da tallan da aka biya, kuma kyamara ta fi son wurin da ke da fitila da fenti. A lungunan birnin akwai matan da suka gudo daga ƙauyukan Batsari da Safana suna suyar awara da ƙosai a bakin titi don su ciyar da marayu. Wasunsu su ne gwanayen garuruwansu. Ba su da allo, ba su da lambar waya a intanet, saboda haka a idon wannan sabon ma'auni babu su.

Maƙwabtanmu sun nuna wata hanya. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a hukumar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, domin sunan ya zama na masu shi, mai saye kuma ya san abin da yake saye. Senegal ta kai shinkafa da kifinta cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a 2021. Batsari ta yi suna da rogo, wanda ake lodi zuwa birni da wasu jihohi, amma daga ya bar tasha sunan garin ya ɓace daga jikinsa, ribar suna kuma ta tafi ga wani.

A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da wasu maƙwabtansu sun shiga sulhu da 'yan bindigar yankunansu. Ra'ayi ya rabu a kai, kuma masu shakka suna da hujja, domin an yi sulhu a 2016 da 2019 bai ɗore ba. Wanda ke son sanin ko na 2025 ya kama ƙasa, ba sai ya jira sanarwar gwamnati ba. Ya je Batsari ranar Alhamis ya ƙirga ƙoren nono a inuwa, ya duba ko karar shanu ta cika, ya ga ƙarfe nawa mai shayi ke kwashe kofunansa.

Idan zaman ya ɗore, aikin da ke gaban ƙananan hukumomin Batsari da Safana ba mai tsada ba ne. Mayanka mai siminti da ruwan famfo ko rijiyar burtsatse, da ma'aikacin lafiyar dabbobi da zai duba kafin a yanka. Rumfa mai inuwa ga masu nono a cikin kasuwa, a wurin da Sarkin Kasuwa da hakimi za su tsaya musu. Fitila mai aiki da hasken rana a tasha. Jari kaɗan ga matan da suka dawo daga gudun hijira ba tukunya ba tanda, a ba su a hannu ta ƙungiyoyinsu na adashi, kada ya bi ta hannun 'yan siyasar mazaɓa. Hakiman nan biyu, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, suna da sarakunan fawa da na kasuwa a ƙarƙashinsu, waɗanda suka san kowane mahauci da kowace mai tuwo da suna, kuma da su ya kamata a fara zama kafin a fitar da ko sisi.